Shekarar da Kara Ya Yi Kuɗi

Bazarar da ta wuce na je gida gaisuwar rasuwa, ranar kuwa ta dace da cin kasuwar garinmu. A bakin kasuwar shanu, inda da can dillalai ke shimfiɗa buzu su zauna, na tarar da buhuna jere reras kamar an yi katanga. Ga dusar masara, ga ta alkama, ga kowar wake da ƙaiƙayin gero, sai kuma wani abu fari-fari da ban gane ba har sai da na sa hannu na damƙo. Ashe karan dawa ne aka niƙa a inji. Yaron da ke tsaron kayan ya ɗago kai ya ce, "Baba, tiya nawa za a auna?" Na yi dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. A iya saninsa kara haja ce tun fil'azal. Bai riski zamanin da ake tara shi a tsakiyar gona a cinna masa wuta don a huta ba.

Garinmu yana arewa da Katsina, dangin mahaifiyata kuma suna tsallaken iyaka, wajen Madarunfa. Saboda haka na tashi ina kallon gwamnati biyu, kowacce da yadda take yi in dabba ta rasa abin ci, kamar yaron da ke cin tuwon gida biyu.

Muna yara, da an gama yankan gero an kai dawa rumbu, mahaifina kan aike ni ruga da goro da damin gero ɗaya. Saƙon bai taɓa canzawa ba: "Ka ce da Arɗo ina gaisuwa, gonar yamma tana jiransa." Roƙo ne fa, ba alfarma muke yi masa ba. Shanu su shiga su cinye kara da ganye, su kwana a gonar wata guda ko biyu, su bar mana taki. In Arɗo ya zaɓi gonar maƙwabci ya yi masheƙari a can, ranar mahaifina ba ya cin tuwon dare da daɗi. Harawar wake da ta gyaɗa mukan naɗe mu ɗora kan rumfa ko cikin rassan itace saboda awakin gida da ragon layya. In bazara ta matsa, gawo ya zubo 'ya'yansa, mu yara mu bi da kwando muna tsinta. Ba na cewa zamanin aljanna ne. Ana ɓarna, ana zare sanda, wani lokaci har a fasa kai, sai mai gari da sarkin Fulani su zauna a kimanta a biya. Amma yunwar dabba ba ta cikin abin da ake kai wa hukuma kuka a kansa. Tsakanin gwamnati da saniya abu biyu ne kawai, jangali da allurar rigakafi. Jangalin ma Gwamna Balarabe Musa ya soke shi tare da haraji a 1979, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. An yi murna, kuma abin murna ne. Sai dai na daɗe ina tunanin cewa tun daga ranar da hukuma ta daina karɓar kuɗi a kan saniya ta daina damuwa da sanin shanu nawa ne a ƙasarta da abin da suke ci.

Farin 1973 ina ƙarami, abin da nake tunawa bai wuce baƙin fuskoki da suka cika ƙofar masallaci ba. Na 1984 kuwa da wayona sarai. Shekara guda kafin shi bushiya ta ratsa garken arewa ta yi ta'adi, waɗanda suka tsira kuma fari ya tarye su. A gidan kawuna, can tsallake, na koyi wani aiki da ban taɓa sanin akwai shi ba, wato tayar da saniya. Da asuba za a same ta kwance, idonta biyu, tana numfashi, amma ƙafa ta ƙi ɗauka. Sai a zura mata itace biyu ta ƙarƙashin ciki, ɗaya bayan ƙafafun gaba ɗaya gaban na baya, maza huɗu su kama, wani ya riƙe wutsiya, a yi kabbara a ɗaga. In ta tsaya ta yi rawar jiki ta taka, to an samu yini guda. In ta sake zubewa sau biyu, sai a aika a kira mahauci. Kawu yana da wata farar saniya da ya fi so, wadda muka yi mako biyu muna tayarwa. An yaye bunun ɗakin baya an ba ta, an sassabe rassan duk itacen da ke kusa. Ranar da aka yanka ta kawu bai fito ba, yana daga ɗaki ya ce da ni, "Ɗan nan, ka ce su yi nesa da gida."

A watan Afrilun shekarar ne gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986. Hatsin da ya saba haurawa daga kasuwanninmu ya tsaya, dabbar da za a kawo kudu a sayar ko a yi kiwo ita ma ta rasa hanya, shi ya sa har yau tsofaffi a Nijar ke kiran wannan yunwa da sunan Buhari. Shugaban Nijar Seyni Kunce, wanda ya hamɓarar da Diori Hamani a 1974 yana zargin gwamnatinsa da wasa da abincin agaji, ya san illar abin, ya dage wajen rabon hatsi, ya kuma tura jama'a noman rani. Mun ga jar dawar Amurka. Amma wannan duka cikin mutum aka nufa, kuma ba laifi, rai ya fi dukiya. Dabba kuwa ta Allah ta Annabi. Wanda ya ci ribar shekarar shi ne mai kuɗi a hannu: 'yan kasuwa da manyan ma'aikata suka saye shanu a farashin banza, makiyaya da yawa suka koma 'yan kiwon haya, suna bin shanun da jiya nasu ne.

Ruwa ya dawo, ciyawa ta dawo, amma zaman da muka sani bai dawo ba. Ba rana ɗaya ya watse ba, kuma ba mutum ɗaya ya watsa shi ba. Takin zamani ya shigo da rahusa tun shirin noma na Obasanjo na 1976, manomi ya ga zai iya yi ba da kashin shanun Arɗo ba. Manomin kansa ya zama mai dabba: shanun huɗa biyu, amalanke, tumaki a bayan gida. Karan da yake roƙo a zo a cinye sai ya zama abincin nasa bisashen, ya fara kwashewa tun ranar girbi yana jibgewa. Mutane kuma suka yawaita. Nijar da aka ƙidaya mutum miliyan biyar da 'yan kai a 1977, a 2012 ta haura miliyan 17, namu ɓangaren kuwa ba a magana. Saura ta ƙare, fadamar da shanu ke faɗawa da rani ta zama lambun tumatir da albasa, burtali ya tsuke har wani wuri saniya biyu ba sa jerawa. Ɗan filin da ya rage, gamba da kyasuwa sun ɓace, tafasa da garmani sun mamaye, ga leda ko'ina. Duk mahaucin da ka tambaya zai ba ka labarin ƙullin ledar da yake cirowa daga tumbin sa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, abincin dabba na saye ma ya ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Da can angurya ba ta wuya, domin injinan gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi da Gusau suna aiki ba dare ba rana. Masaƙu suka durƙushe, noman auduga ya ja baya, angurya ta bi shi. Gyaɗa tun cutar da ta faɗa mata a 1975 ba ta koma yadda take ba, ƙuliƙulin matsar mai ya yi ƙaranci. Dusar alkama kuwa, tunda yawancin alkamar da muke niƙawa daga waje ake sayo ta, farashinta dala yake bi. Yaƙi ya ɓarke a Yukiren a 2022, tunkiyar gwoggona ta ji a jikinta. Aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu. Ga masu gidan kaji suna zuwa da babbar mota su kwashe dusar da za ta ishi ƙauye guda.

A takarda dai ba a bar dabba haka nan ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyayu a 1965, ana kuma lissafa kimanin 415 a faɗin ƙasa, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar wa doka a rubuce. Wajenmu akwai Ruma da Kukar Jangarai. An gina madatsun ruwa da ɗakunan malaman dabbobi a wasu, aka bar su suka lalace, masu iko suka yanka gonaki a ciki, yanzu kuma dajin Rugu ya zama wurin da mai saniya goma ba ya kusanta sai in ya gaji da su, ko da ransa. Masana ma sun yi nasu. A Shika kusa da Zariya akwai cibiyar binciken dabbobi da ta daɗe tana gwada irin ciyawa, a Kachiya kuma an gwada killace fili a shuka ciyawa mai gina jiki, a ajiye ta sai rani a riƙa sakin shanun tatsa na ɗan lokaci kullum. Dabarar ta yi kyau. Amma wa zai kashe kuɗin waya ya shinge filin da ba shi da tabbacin baɗi nasa ne? Nijar ma tun 1961 ta ja layi ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, ba ta noma ba. Gonaki sun tsallake layin tun tuni.

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, a wannan fanni Nijar ta sha gabanmu, kuma ina faɗa ne a matsayin wanda katin zaɓensa na Najeriya ne. Kowace shekara, da damina ta ɗauke, malaman kiwo kan fita daji su yanki ciyawa a auna, a haɗa da hoton tauraron ɗan'adam, a lissafa abin da ƙasa ta fitar. Lissafin ba wuya: saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshen abinci kilo shida da kwata a yini, rani kuma ana ɗaukarsa wata tara, wato kusan tan 1.7 ke nan kowace saniya. A jera yawan dabbobi gefe guda, ciyawa gefe guda, sai giɓi ya fito fili, jiha jiha. Daga nan ne ake tsara sayar da dusa da ƙuliƙulin auduga a farashi mai rahusa, ana kafa rumbunan cimakar dabbobi da ƙungiyoyin makiyaya ke riƙewa, ana biyan matasa su share hanyoyin tare gobara a daji don kada ciyawar da ta rage ta ƙone. A 2010 sun yi dokar kiwo da ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne, ta kuma sa ƙa'ida kan masu shiga daji da manjagara da amalanke suna kwashe busasshiyar ciyawa su kai birni.

To amma shekarar 2010 ɗin ce ta nuna mini inda gizo ke saƙa. Daminar 2009 ba ta yi ba, kowa ya sani tun kaka. Gwamnatin Shugaba Tanja ba ta son a ambaci yunwa, kamar yadda ta ƙi a 2005. Sai da sojoji suka karɓi mulki a watan Fabrairu, shugabansu Salu Djibo ya yarda a fito a nemi agaji. Kafin a yi odar kaya, a yi gwanjon kwangila, a loda, a sauke, bazara ta yi nisa. Ɗan kawuna, wanda ya gaji ɗan abin da ya rage na garken gidansu, ya kai su arewa wajen Dakoro yana neman sauƙi, ya tarar kowa can ya nufa. Ya rubuta suna tun watan Afrilu. Ya yi sawu uku zuwa inda ake rabo, kowane sawu yini guda a kan jaki, ana ce masa mota tana hanya. Ran da motar ta iso, buhu biyu ya samu. Buhu kilo 50 ne. In kana da shanu 25 ka ba kowacce kilo ɗaya, kwana biyu buhu guda ya ƙare. Ya ce da ni, "Yaya, ban san wadda zan ba ba. In na ba masu tsayuwa, na kwance su mutu. In na ba na kwance, wataƙila duk da haka su mutu." A lokacin saniyar da ta rame kuɗinta bai kai na buhun gero ba. Ƙungiyoyin agaji suka shigo suna sayen raunanan dabbobi da ɗan daraja, a yanka a yi kilishi a raba wa mabukata. Wannan ya taimaki wasu, har da shi. Sannan ruwan farko ya sauko da ƙarfi da sanyi, ya ƙarasa waɗanda yunwa ta bari.

Ban ce buhu biyun nan banza ba ne. Da babu gara ba daɗi, kuma shanu uku daga cikin waɗanda ya zaɓa ya ba sun kai damina. Abin da ke ci mini rai shi ne hukuma ta san giɓin tun watan Nuwamba, buhu kuma ya iso a Yuni. A Nuwamba harawa tana araha, dusa tana araha, hanya a bushe take, dabba tana da ƙiba, mai ita zai iya sayar da biyu da daraja ya sayi abincin sauran. A Yuni komai ya ninka, saniya kuma in ta riga ta kwanta ko ka cika mata kwarya da dusa ba lalle ta tashi ba. Kuɗin da aka kashe ɗaya ne, wataƙila ma na Yuni ya fi yawa. Ihu ne bayan hari, kuma an biya mai ihun da tsada.

A namu ɓangaren ko wannan awon ciyawar ba mu saba da shi ba. Mun fi gwanancewa a sanya wa shiri suna. A 2019 aka fito da Ruga, ƙasa ta ɗauki zafi, aka janye shi cikin 'yan makonni, aka maye gurbinsa da wani shirin na shekara goma. A 2024 Tinubu ya kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya, abin da masu dabbobi suka daɗe suna nema, ina kuma yi mata fatan alheri. Sai dai kullum in an tashi maganar saniya a Abuja, maganar rikici ake yi, ko ta manyan gonakin kiwo irin na Birazil. Ba a cika tambayar me za ta ci daga Maris zuwa Yuni ba. In kuma an kawo rabo, na ga yadda yake kasancewa a wata ƙaramar hukuma da ba zan kama suna ba: aka jera buhuna, aka ɗauki hoto, aka kira sunaye daga wata takarda da aka rubuta a falon wani, mutanen da ko kaza ba su da ita suka sa hannu. Ranar kasuwa sai ga buhunan nan da tambarinsu a rumfar 'yan dusa.

Wanda ake mantawa da shi a duk wannan lissafi ba ma mai garke ba ne. Ƙanena ne, mai shanun huɗa biyu, wanda in suka shiga damina da yunwa ba za su ja garma ba, gonarsa ta makara, ta maƙwabtan da yake yi wa huɗa ita ma ta makara. Gwoggona ce, mai tumaki uku a turke, waɗanda su ne asusunta, su ne asibitinta, su ne kayan ɗakin jikarta. Ita ba ta cikin ƙungiyar makiyaya, ba ta cikin ta manoma, ba wanda zai rubuta sunanta. 'Yan shekarun nan kuma Babbar Salla tana faɗowa a ƙarshen bazara, tsakiyar Yuni a 2024, farkonsa a 2025, wato watannin turkar rago sun haɗu da watannin da abinci ya fi tsada. Ta lissafa mini abin da ragonta ya ci na dusa da kowa da kanwa, muka cire daga kuɗin da aka saye shi, abin da ya rage bai kai ladan ɗebo masa ruwa ba. Ta ce, "Ɗana, ni na yi kiwo, mai dusa ya yi Salla."

Ba na cikin masu cewa a koma zamanin goro da damin gero. Wannan ya wuce, kuma yaron nan mai tiya ba laifi ya yi ba. Sana'a ya samu, injin niƙa karan ma alheri ne, domin karan da aka niƙa dabba takan cinye shi tas maimakon ta tsince ganye ta tattake sauran. Tunda abincin dabba ya zama haja, to a yi masa abin da ake yi wa haja. Mun san rumbun tsimi, kakanninmu da shi suka ci da yawa daga cikin shekarun fari. Jiha ko ƙaramar hukuma ta sayi harawa da kowa da dusa da kaka daga hannun manoman wurin, ta adana a gundumomi, ta fito da su a Maris a sayar da ɗan sauƙi, tiya tiya, yadda mai tunkiya uku za ta iya saye ba sai mai mota ba. A sa mata cikin masu riƙe makulli. Abin da ya rage na burtali da makiyaya kuma a kafa masa turaku na siminti tun kafin a wayi gari an yi masa takardar mallaka.

Ƙanena dai bai jira kowa ba. A watan Mayu ya sayar da sa ɗaya ya ciyar da ɗayan, da damina kuma ya haɗa shi da na maƙwabcinsa suka yi huɗa karo-karo. Bana tun ranar da aka cire wake ya naɗe harawarsa kaf ya hau da ita kan soro, ya kuma sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar matakalar.